Kalmar "Shambles" ta Turanci: Asalinta, Ma'anarta da Yadda Za a Fassara Ta da Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke karanta jaridun Turanci na ƙasar nan ba zai rasa cin karo da kalmar shambles ba. Yau a ce makarantu ne suke "in shambles", gobe a ce hanyoyi ne, jibi a ce tattalin arziki ne ko wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Idan aka tambayi ɗalibi ma'anarta, galibi amsar da yake bayarwa ita ce "ƙazanta" ko "lalacewa", daga nan sai ya wuce gaba. Manufata a wannan maƙala ita ce in nuna cewa wannan amsa ba ta wadatar ba. Zan bi diddigin asalin kalmar, da matakan da ma'anarta ta bi ta sauya, da ƙa'idojin amfani da ita a cikin jumla, sannan in kawo kalmomin Hausa da suka dace da ita a muhalli daban-daban.

Na ɗauko yawancin misalaina daga Agege ta jihar Legas saboda dalilai biyu. Na farko, wuri ne da Hausa da Yarbanci da Turanci da buroka suke gogayya a kullum, don haka fassara a can abu ne na yau da gobe. Na biyu, a nan ne babbar mayankar Oko-Oba take, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, a wurin mahauta wannan kalma ta yi ƙuruciyarta.

2.0 Agege a Taƙaice

Zaman Hausawa a Agege ya haura shekara ɗari. Layin dogo da ya tashi daga Ikko ya ratsa ta Agege, ya isa Ibadan a 1901, daga baya kuma ya kai Kano. A wancan zamani ana noman goro sosai a gonakin da ke kewaye da garin, sai fatake suka riƙa sauka suna saye suna lodawa a jirgi zuwa Arewa. Wasu suka yi gida, aka kafa Zango, aka sami sarautar Sarkin Hausawa. Cinikin shanu da sana'ar fawa su ma suka kafu. Yaron da ya tashi a unguwannin nan yakan buɗi baki da harshe biyu ko uku, kuma sau da yawa shi ne tafinta tsakanin mahaifinsa da ma'aikacin gwamnati. Irin wannan yaro, da mu ɗaliban harshe, mu ne muka fi bukatar sanin nauyin kowace kalma kafin mu juya ta.

3.0 Asalin Kalmar da Sauyin Ma'anarta

Tushen kalmar daga Latin yake. A wannan harshe scamnum na nufin benci, scamellum kuma ɗan ƙaramin benci. Tsohon Turanci ya ari kalmar ya mayar da ita sceamol, da ma'anar kujera 'yar tsugunno ko ɗan tebur. Baƙin "b" da muke gani a tsakiyarta yanzu daga baya aka saƙala shi tsakanin "m" da "l" don sauƙin furuci, kamar dai yadda Bahaushe ke saƙala wasali a ararrun kalmomi irin su burodi da asibiti. Daga nan ma'anar ta bi matakai huɗu.

Mataki na farko: teburin mahauci. Kalmar ta ƙuntata, ta koma nufin teburin da ake baje nama a kai don sayarwa. Da yake a kasuwa tebura suna da yawa, sai aka riƙa faɗar ta da sigar jam'i, wato da "s" a ƙarshe. Zuwa ƙarni na 15, shambles na nufin kasuwar nama baki ɗaya. A fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, da wannan ma'ana aka yi amfani da kalmar a wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa, sura ta 10, aya ta 25. Har yanzu kuma a birnin York na ƙasar Ingila akwai wani tsohon lungu mai suna Shambles, wanda a da layin mahauta ne. Mahautan sun tashi, shagunan sun koma na masu sayar da tsaraba ga 'yan yawon buɗe ido, amma ana iya ganin wasu ƙugiyoyin rataye nama a jikin gine-ginen.

Mataki na biyu: mayanka. A ƙarni na 16 kalmar ta faɗaɗa, ta haɗa da wurin da ake yanka dabbobin. Da wannan ma'ana Shakespeare ya yi amfani da ita a wasansa na Othello.

Mataki na uku: wurin zubar da jini. Tun kafin ƙarshen wannan ƙarni, marubuta suka fara kiran filin daga da wannan suna, domin gawawwaki da jini sun mayar da shi tamkar mayanka. A nan siffantawa ta shigo.

Mataki na huɗu: hargitsi. A farkon ƙarni na 20 jinin ya fita daga cikin ma'anar, aka bar hoton wurin da komai ya watse, ba kai ba gindi. Wannan ita ce ma'anar da ta yi rinjaye a yau, har yawancin masu amfani da kalmar ba su san tana da wata dangantaka da nama ba.

Akwai abin lura a nan. Wannan ma'ana ta ƙarshe daga idon mai wucewa ta fito. Wanda ya leƙa mayanka da sanyin safiya, abin da zai gani shi ne jini, da tumbi, da hayaniya, da mutane riƙe da wuƙaƙe suna ta kai da kawowa. Amma duk wanda ya san sana'ar fawa ya san akwai tsari a ciki. Akwai dillalan da suka kawo dabba daga kara, akwai mai yanka, akwai masu fiɗa, akwai masu kayan ciki, akwai masu kai da ƙafa, akwai masu fata da ganda, kowa da rabonsa da iyakarsa, ga kuma shugabanni da ke raba gardama, kamar yadda Sarkin Fawa yake yi a ƙasar Hausa. Da mahauta ne suka rubuta ƙamus, da wuya sunan wurin aikinsu ya zama sunan hargitsi.

4.0 Irin Wannan Sauyi a Hausa

Kada mai karatu ya ɗauka Turanci kaɗai ke mayar da sunan wuri ya zama sunan hali. Hausa ma tana yi. Ga misalai:

1. Bariki. Asalinta mazaunin sojoji da ma'aikatan Turawa. Yau idan aka ce "ɗan bariki" ko "zaman bariki", ba gini ake nufi ba, wani irin salon rayuwa ake nufi.

2. Kasuwa. Malami kan ce, "Kun mayar mini da aji kasuwa." Ba ciniki ake yi a ajin ba, surutu ne ya yi yawa.

3. Tasha. "Ɗan tasha" na iya zama wanda bai taɓa yin lodin mota ba, rashin kunyarsa ce ta jawo masa sunan.

4. Juji ko bola. Uwa kan ce wa ɗanta, "Ɗakin nan naka ya zama bola."

Bambancin shi ne, a Hausa tsohuwar ma'ana da sabuwa suna tafiya tare, har yanzu muna zuwa kasuwa, muna shiga mota a tasha. A Turanci kuwa tsohuwar ma'anar shambles ta kusa ɓacewa, sai a sunayen tituna da tsofaffin littattafai.

5.0 Ƙa'idojin Amfani da Kalmar

Na farko, siffarta ta jam'i ce amma aikinta na tilo ne. Ana cewa "The room is a shambles." Wanda ya ga "s" a ƙarshe ya cire ta, ya ce "a shamble", don wai ya gyara nahawu, to ɓatawa ya yi.

Na biyu, akwai sigogi uku da duk karɓaɓɓu ne: "is a shambles", da "in a shambles", da "in shambles". Mutanen Ingila sun fi amfani da biyun farko. Ta ukun ta fi yawa a Amurka, kuma ita ce aka fi gani a jaridun Nijeriya.

Na uku, sifar da aka ƙera daga gare ta ita ce shambolic. An fi jin ta a Ingila, musamman a bakin 'yan jarida da masu sharhin wasanni, idan ana maganar taro ko shiri da aka gudanar kara-zube.

Na huɗu, akwai aikatau shamble mai nufin tafiya da jan ƙafa, irin ta gajiyayye. Idan aka ce "The old man shambles along the road", tsoho ne ke jan ƙafa a kan hanya, ba abin da ya hargitsa.

Na biyar, kalma ce mai nauyi. Idan littattafai biyu ne a ƙasa da riga a kan kujera, untidy ta isa. Idan abin ya fi haka, a ce mess. Ba a kai wa ga shambles sai tsari ya rushe gaba ɗaya. Kalma ce kuma ta suka, don haka ba a saka ta a wasiƙar neman alfarma zuwa ga wanda ake kuka da aikinsa. Game da mess kuwa, ina jan hankalin wanda zai zo Legas: a burokan titi, wannan kalma tana nufin tusa. Saboda haka mai tambaya a cikin motar haya ko wa ya yi mess, ba maganar shara yake yi ba.

Kalmar ba ta daina haihuwa ba. A 2009 wani wasan barkwanci na talabijin ɗin BBC mai suna The Thick of It ya ƙirƙiro omnishambles, wato abin da ya dagule ta kowace fuska. A 2012 jagoran 'yan adawa na lokacin, Ed Miliband, ya jefi gwamnati da ita a majalisar dokokin Birtaniya a kan kasafin kuɗi, kuma masu ƙamusun Oxford suka zaɓe ta a matsayin kalmar shekarar a Birtaniya.

6.0 Fassara Zuwa Hausa

A nan ne aikin yake. Turanci ya ɗauki kalma guda ya rufe abubuwa da yawa da ita. Hausa kuwa ba ta yarda a ce wuri ya ɓaci kawai ba, sai an faɗi irin ɓacin da ya yi. Don haka kafin mai fassara ya zaɓi kalma, sai ya tambayi kansa: me ya ɓaci, kuma me ya ɓata shi? Na kasa amsoshin gida huɗu.

6.1 Kaya sun watse

Idan abubuwa ne suka bar mazauninsu, muna da kaca-kaca, barkatai, a hargitse, a warwatse.

5. The shop was a shambles after the children left.
Yaran sun tafi sun bar shagon kaca-kaca.

A lura, barkatai ta fi dacewa da abin da tun farko ba a tsara shi ba, kamar ajiye motoci barkatai a bakin titi. Kaca-kaca kuwa ta fi nuna cewa da a shirye yake, wani ya zo ya yamutsa.

6.2 Abu ya farfashe ko ya rushe

A nan muna da raga-raga, rugu-rugu, fata-fata, da aikatau irin su ruguje da wargaje.

6. The storm left the stalls in shambles.
Guguwa ta yi raga-raga da rumfunan.

6.3 Ruwa, laka, mai ko jini

Hausa ta ware wa kowanne tasa kalmar. Faca-faca ta abin da ruwa ko mai ya fantsamar wa ce. Dumu-dumu ta wanda ya shafe jikinsa da abinci ko taɓo ce, shi ya sa ma ake cewa an kama ɓarawo dumu-dumu, wato laifin na jikinsa. Jina-jina ta jini ce, kuma ita ce ta fi kusa da ma'ana ta uku da muka gani a sama. Ga kuma aikatau caɓe.

7. After the rain, the road to the market was a shambles.
Bayan ruwan sama, hanyar kasuwa ta caɓe.

6.4 Tsari ko al'amari ya lalace

Wannan ita ce ma'anar da ta fi yawa a jaridu, kuma a nan ne fassarar "ƙazanta" take zama babban kuskure. Kalmomin da suka dace su ne taɓarɓare, sukurkuce, dagule, rincaɓe, jagule, da sunaye irin su kwamacala da shirme.

8. The health system is in shambles.
Harkar kiwon lafiya ta taɓarɓare.

9. The union election was a shambles.
Zaɓen ƙungiyar kwamacala aka yi.

10. His accounts are in a shambles.
Lissafinsa ya dagule, ba kai ba gindi.

11. Their defence was shambolic.
'Yan bayansu sun sukurkuce.

Mai karatu zai lura da abubuwa biyu. Na ɗaya, a Turanci kalmar suna ce, amma a mafi yawan misalan nan Hausa ta fi son aikatau ko amsa-kama. Wanda ya nace sai ya fassara suna da suna, shi ne zai rubuta "ɗakin yana cikin hargitsi", alhali Bahaushe cewa zai yi "ɗakin a hargitse yake". Na biyu, yawancin amsa-kaman nan ƙirarsu ɗaya ce, wato gaɓa biyu da aka yi wa cikakken ninki: kaca-kaca, faca-faca, raga-raga, dumu-dumu, jina-jina.

7.0 Jagajaga: Kalmar da Ta Haɗa Agege

A kan titin Agege ba kasafai za a ji shambles ba, domin kalmar jarida ce da ofis. Wadda ke yin aikinta a bakin jama'a ita ce jagajaga. Bayarabe na faɗar ta, mai buroka na faɗar ta, Bahaushen Zango ma na faɗar ta, kowa kuma yana jin kamar tasa ce. Ni da na fara da Yarbanci kafin Hausa, ina ganin dalilin a fili yake: ƙirarta ta dace da harsunan biyu. A Yarbanci akwai jerin kalmomi masu gaɓa huɗu da karin sauti na sama, tsakiya, ƙasa, tsakiya, waɗanda ke nuna rashin tsari ko rashin daraja, kamar jágajàga da játijàti da rádaràda. A kunnen Bahaushe kuma, kalmar ta zauna daidai a layin su kaca-kaca da raga-raga, ga ta kuma tana kama da jagule a lafazi.

Kalmar ta ƙara bazuwa a 2004, lokacin da mawaƙi Eedris Abdulkareem, haifaffen Kano, ya fitar da waƙa mai suna Jaga Jaga a kan halin da ƙasa take ciki, har shugaban ƙasa na lokacin, Olusegun Obasanjo, ya fito fili ya nuna ɓacin ransa. Wannan ya nuna cewa irin waɗannan kalmomi ba bayani kaɗai suke yi ba, hukunci suke yankewa. Sai dai ɗalibi ya kiyaye: jagajaga ta hira ce. A rubutun daidaitacciyar Hausa, kamar fassarar labarai ko amsar jarrabawa, gara a koma ga kalmomin da aka kawo a sashe na 6.0.

8.0 Bambancin Ƙazanta da Hargitsi

Wani zai ce, mene ne na wahalar da kai a kan kalma guda? Amsar tana kasuwannin Legas. A jihar nan maganar tsafta magana ce ta abinci. 'Yan kasuwa sun saba da sharar safiyar Alhamis kafin a buɗe rumfuna. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin jihar ta rufe kasuwar Mile 12 na ɗan lokaci bisa dalilan tsaftar muhalli, haka kuma a watan Yuni na 2025 ta rufe mayankar Oko-Oba kafin daga baya a sake buɗe ta. Duk ranar da kasuwa take a rufe, akwai dillali da ɗan dako da mai tuwo da ba su sami na cefane ba. A irin wannan yanayi, takardu da jawabai da Turanci suke zuwa, wani ne kuma zai tsaya ya mayar wa jama'a da su cikin Hausa.

Mu ƙaddara wani jami'i ya duba littafin rajistar wata ƙungiyar 'yan kasuwa ya ce, "Your records are a shambles." Abin da yake nufi shi ne takardun ba su da tsari, a je a shirya su. Idan tafinta ya juya ya ce, "Ya ce aikinku ƙazanta ne," to ya kunna wutar da jami'in bai kunna ba. A wurin Bahaushe hargitsi hali ne na wuri, ana iya gyara shi kafin azahar. Ƙazanta kuwa tabo ce a jikin mutum, tana taɓa tarbiyyarsa da gidan da ya fito, har da ibadarsa, tunda an ce tsafta cikon addini. Za ka iya ce wa dattijo, "Baba, shagon nan a hargitse yake," ya yi dariya ya kira yaro ya gyara. Amma ka kira shi ƙazami ka ga yadda za ku kwashe.

Haka nan idan aka juya. In jami'in maganar jini da ruwan wanki da ke kwance a magudana yake yi, tafinta kuma ya sassauta ya ce "wai a ɗan kintsa wurin", jama'a za su jera tebura su share gaban rumfa, su bar ainihin abin da zai sa a rufe musu kasuwa. A duka biyun, kalma ɗaya ce ta jawo asara.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga yadda shambles ta taso daga ɗan benci, ta zama teburin mahauci, ta zama mayanka, ta zama filin daga, kafin ta tsaya a kan hargitsi. Mun ga cewa tilo ce duk da siffarta ta jam'i, kuma kalma ce mai nauyi da ba a jefa ta ko'ina. Mun kuma ga cewa ba ta da takwara guda ɗaya a Hausa, muhalli ne ke zaɓar mata fassara. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, ƙamus ya zama wurin farawa. Bayan an duba shi, sai a tambayi kai yadda tsohuwa a gida za ta faɗi wannan magana in ita ta ga abin da idonta.

Ga jumloli uku don gwaji. A fassara su da Hausa ba tare da an maimaita kalma ɗaya sau biyu ba, sannan a kwatanta amsoshi a aji, musamman tsakanin masu karin harshe daban-daban:

12. The kitchen was a shambles after the wedding.
13. The timetable is in shambles.
14. The fire left the market in a shambles.

Allah ya ƙara mana fahimta, amin.